Azumin da Yaya Hajara Ta Yi Jego

Azumin bana ya faɗo cikin zafi, irin zafin nan na Bauchi da duwatsu ke sha da rana su amayo mana shi bayan magariba. Ina zaune a ofishina a makarantar koyon jinya inda nake koyarwa, taga a buɗe saboda an ɗauke wuta, sai na jiyo ɗalibai a gindin mangwaro suna bitar jarrabawa. Wata mai siririyar murya tana ta maimaita wa 'yan'uwanta cewa duk inda gishiri ya je a jikin mutum, ruwa zai bi shi. Sauran suna dariya suna cewa ta bar su da zancen ruwa, leɓunansu sun bushe. Ni kuwa ban yi dariya ba. Na tashi na rufe tagar duk da zafin, na zauna ina kallon bango.

Azumi yakan zagaya ya dawo inda ya bari. Shekara talatin da ɗoriya ke nan da ya faɗo a irin wannan lokaci, ina ɗaliba a shekarata ta biyu, ina bitar wannan jimla da waɗannan yara suke wasa da ita.

Gidanmu a Wunti yake, a wani lungu bayan shagunan teloli, inda Babanmu ma yake da kekensa. A wancan lokacin ba ruwan leda mai sanyi, ba fanka mai aiki da hasken rana. Famfon unguwa yakan yi kwana da kwanaki bai ce uffan ba, in kuma ya tashi kawowa sai ya yi ta tari kafin ya ɗiso. Rijiyar gidanmu ta ja baya har sai an ƙara wa guga igiya, abin da zai fito kuma rabinsa laka. 'Yan garuwa suka zama manyan mutane, sai ka roƙe su suna harararka. Ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta ba takalmi, kaji su buɗe baki su saki fukafukai a gindin randa. Da hantsi ya yi, harshe ya manne a ganɗa, sai mutum ya daina magana sai da dalili.

A cikin wannan hali yayata Hajara ta dawo gida haihuwar fari. Ita ce 'yar farin Innarmu, ta girme ni da shekara uku, mijinta malamin makaranta ne a wani ƙauye mai nisa. Ta sauka lafiya ana saura 'yan kwanaki a ga wata, ta sami ɗa namiji. Washegari sai ga Gwaggo Tabawa, yayar Babanmu, ta iso daga Zungur a bayan a-kori-kura, zaune a kan itace kamar sarauniya, da buhun gero da ƙullin kanwa da wani rabin duro da ya sha hayaƙi ya yi baƙi ƙirin. Ta zo yi wa Yaya wankan jego na kwana arba'in, kamar yadda ta yi wa Inna a haihuwarmu duka.

Gwaggo ba muguwa ba ce, gara in faɗa tun yanzu. Mace ce mai ban dariya, mai hannun kyauta, ita ta goyi Babanmu da uwarsu ta rasu. Tana kirana likita bokan Turai, ni kuma ina kiranta uwar garwashi. Amma tana da tabo a zuci. 'Yarta guda ta haihu a wani gari mai nisa inda ba wanda ya kula da wankanta, ta kumbura ta mutu. Gwaggo ta riƙe cewa sanyi ne ya shige ta, ta kuma yi alkawari ba wata 'ya tata da sanyi zai sake ɗauka tana raye. To wannan alkawarin ta zo cikawa a kan Yaya.

Aikin gidan ya tsaru da kansa. In an yi sahur an yi sallar asuba, ni da Inna mu ɗauki bokitai mu bi layin ruwa, don duron nan sai ya cika sau biyu a yini. Mu dawo in hura wuta. Gwaggo ta zuba ganyen darbejiya, a jira ruwa ya tafasa har ya riƙa tsalle. Daga nan ta shiga da Yaya makewayi, ta riƙa tsoma ganyen tana fyaɗa mata a jiki, muna jiyo Yaya tana salati. In sun fito, jikinta ya yi jawur yana turiri, sai a kwantar da ita a kan gadon ƙarfe da kaskon garwashi a ƙarƙashi, a saki labule. Sai kunun kanwa, cike da kwano, mai kauri, mai yaji, a ce ta shanye don nono ya kawo, sanyi kuma ya fita. Da rana a ƙara mata wani, da ƙauri da yajin jego. Da la'asar a sake wankan gaba ɗaya. Mai jego ba ta azumi, amma wallahi mu masu azumin mun fi ta jin daɗi.

Ni kuwa jarrabawa ce a gabana bayan Sallah, ta darussa biyu da suka fi kayar da mutane a makarantarmu: fiziyoloji, wato yadda sassan jiki ke aiki, da ilimin magunguna. Wanda ya faɗi sai ya maimaita shekara. Ba ni da wurin karatu sai bakin murhu. Ina iza wuta da hannun dama, littafi a hagu, gumi na ɗiga a kan zanen ƙoda. Har yau in na buɗe tsohon littafin nan ƙaurin hayaƙi nake ji.

Abokiyar karatuna Rifkatu ce, 'yar kudancin jiha, Kirista, babanta masinja ne a wani ofishi a unguwar manya ta GRA. Takan zo da hantsi bayan wankan safe, mu shimfiɗa tabarma a zaure inda ɗan iska ke ratsawa. Ba ta taɓa shan ruwa a gabana ba duk azumin, ko da Inna ta matsa mata. Yadda muke bita shi ne ta rufe littafi ta jefo tambaya, in amsa, sannan mu juya. Ita ta fi ni haddar sunayen magunguna, ni na fi ta gane dalili. Don abu ya zauna mana, sai mu ɗauko shi daga cikin gida. Ƙoda ta zama rariya mai wayo, wadda ke tace jini ta mayar da abin da jiki ke so. Tsokar zuciya kuwa muka ce robar wando ce irin ta shagon Baba: in ka ja ta kaɗan ta dawo da ƙarfi, ka ƙara ja ta ƙara ƙarfi, amma akwai inda za ka kai ta, ta saki, ba ta ƙara dawowa.

A haka muka bi babin jini, muka bi na numfashi, muka iso na zuciya a tsakiyar azumi. Rifkatu ta tambaye ni abin da ke faruwa in zafi ya yi wa jiki yawa. Na ce jijiyoyin fata su buɗe, jini ya kwararo waje don ya huce, zuciya kuma dole ta ƙara gudu ta cike gurbin. Ta ce to in mutum ya ci gishiri da yawa fa? Na ce ƙoda ta riƙe ruwa, jini ya ƙaru, kayan da zuciya ke turawa su yi nauyi. Ta ce in ɓangaren dama na zuciya ya gaza? Na ce ruwa ya taru a ƙafa da ciki. Na hagu fa? Ya taru a huhu, mutum ya riƙa tari, ya kasa kwanciya sai a zaune.

Ina faɗin haka muka jiyo tarin Yaya daga ɗaki. Ba ranar ta fara ba, ta kwana biyu tana yi, Gwaggo ta ce hayaƙi ne. Amma ranar sai tarin ya shiga kunnena daban. Muka dubi juna ni da Rifkatu. Can ta ce bari ta shiga ta gai da mai jego ta ga yaro.

Ɗakin kamar tanda. Yaya tana jingine da filo biyu, yaron a cinya, tana murmushi tana haki. Rifkatu ta zauna a bakin gado tana yi mata wasa, ta kama ƙafarta kamar tana duba lalle, ta danna babban yatsa a kan ƙaurinta. Da ta ɗaga, ramin ya tsaya, bai ciko ba. Da muka koma zaure ta rage murya.

"Zulai, yayanki ba ya numfashi daidai," in ji ta, da irin Hausarta. "Wannan kunun, me ake sa masa?"

Na ce kanwa. Ta ce kanwa ai 'yar'uwar gishiri ce, sinadari guda ke cikinsu, malaminmu ya faɗa a aji. Na sani. Na zauna a ajin, na rubuta. Amma abin da aka faɗa a aji da Turanci da abin da nake damawa da ludayi kullum ba su taɓa haɗuwa a kaina ba sai ranar.

Inna na fara samu, tana tankaɗe a madafa. Na zayyana mata komai. Ta ci gaba da tankaɗenta ba ta ɗago ba. Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai ce rashin tausayi ne, amma kunyar ɗan fari ce. Tun da aka haifi Yaya, Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yayarki" ko "waccan". Ba ta shiga ɗakinta in da mutane, ba ta ɗaukar jikan a gaban kowa. A ce kuma ta buɗe baki ta ja da yayar mijinta a kan 'yar fari, wannan abin magana ne har jikoki. Abin da ta ce kawai shi ne in je in faɗa wa Gwaggo, su ne masu 'ya. Amma na ga garin yana zuba a gefen faifai ba ta lura ba.

Na sami Gwaggo bayan an sha ruwa, lokacin da ciki ya ɗauka, rai ya yi sanyi. Na durƙusa, na bi ta da lalama, na ce ko za a rage zafin ruwan, a cire garwashin, a ɗan dakata da kanwa, a kai Yaya asibiti a duba ƙafar. Ta saurare ni har ƙarshe tana taunar goro. Sannan ta ce kumburin nan ai shi ne sanyin da take gudu, ta san shi, ta gan shi da idonta a jikin 'yarta. Maganinsa a ƙara wuta, ba a rage ba. Mai jego kuma ba ta taka ƙofar gida kafin arba'in, iska ta buge ta a hanya wa zai ɗauki alhakin?

"Ke da wannan ruwan aka wanke uwarki kika sha nono kika yi wayon da kike yi mini yanzu," ta ce. "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Tashi ki ba ni wuri, likita bokan Turai."

Ta faɗa da dariya, amma idonta ba dariya. Ni ma ina da baki, an san ni da shi, na ce mata rimin da na hau ya fi na Zungur tsawo. Ta ɗauke kai, ba ta kula ni ba har kwana biyu.

Da magana ta ƙi, sai na koma dabara. Ni ke dama kunun, don haka na dama shi ba kanwa, na ƙara citta da kanumfari don su rufe. Wautata ke nan. Kunun kanwa launinsa ke tona shi, yakan yi ɗorawa-ɗorawa, nawa kuwa ya fito fari fat. Gwaggo ta buɗe kwanon ta rufe, ta miƙo mini, ta ce in kai wa akuya. Daga ranar ta karɓi damun da kanta, ƙullin kanwar ya koma ƙarƙashin filonta. Saboda kumburin kuma ta ƙara hannu. Ni aka bar mini ɗebo ruwa da hura wuta, ina hurawa ina hawaye ina ɗora wa hayaƙi laifi.

Na je wurin Baba a shago. Goman ƙarshe ta kama, ɗinkin Sallah ya taru masa har rufi, idonsa ya yi ja don rashin barci, ƙafarsa ba ta sauka daga kan keke ba ina magana. Ya ji tsoro, na gani a fuskarsa. Amma Gwaggo uwa ce gare shi, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ya ce in yi haƙuri, mijin yana zuwa hutun Sallah, shi ke da iko da matarsa, kwanakin arba'in ɗin ma sun kusa. Ya ce zai yi wa Yaya Tabawa magana a hankali. Ya yi, na ji su. Ta tambaye shi ko ya manta wanda ya goya shi, maganar ta mutu a nan.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi muni da na taɓa yi a duniya. Zafi ya ƙaru, hadari ya riƙa haɗuwa a gabas da yamma, ya yi baƙi, ya yi ruguntsumi, iska mai zafi ta watsa shi ba ko ɗigo. Mutane suna ta duban sama. Ni da Rifkatu muka shiga ilimin magunguna, muka iso babin magungunan ciwon zuciya, kamar da gayya. Na haddace maganin da ke sa fitsari, frusemayid, inda yake aiki a cikin ƙoda, yadda yake kwashe gishiri ruwa ya bi shi, da yadda yake tafiya da wani sinadarin da zuciya ke buƙata, sai an mayar. Na haddace digoksin, mai ƙara wa bugun zuciya ƙarfi ya rage mata gaggawa, wanda tsakanin maganinsa da dafinsa bai kai faɗin gashi ba. Na san adadin da ake bayarwa, na san lokacin da yake ɗauka kafin jiki ya fitar da rabinsa. Duk na sani, suna cikin kaina reras, ga mai buƙatarsu a bayan labule, taku kaɗan daga tabarmata, ba ni da ko ƙwaya ɗaya, ba ni da ikon bayarwa. Na tsani littafin nan a lokacin. Da ban karanta ba da ina barcina kamar kowa.

Rifkatu ta ce mu ɗauko wata babbar ma'aikaciyar jinya da ta sani ta zo gida. Matar ta yi alkawari, amma aka tura ta aiki wani gari kafin ranar. Muka zauna jiran Sallah.

An ga wata, aka yi Sallah. Baba ya ɗinka wa Yaya atamfa, rigar ta ƙi shiga. Zoben hannunta ya nutse a yatsa sai da aka sa sabulu. Mijin bai zo ba, ya aiko cewa motar ƙauyensu ta lalace, sai mako mai zuwa. Ranar da yamma, gida ya watse an tafi gaishe-gaishe, Gwaggo tana sallah, na shiga na zauna kusa da Yaya ina yi mata fifita a ɓoye. Ta daina kwanciya gaba ɗaya, a zaune take kwana. Magana ma sai ta yanka ta gunduwa-gunduwa.

"Zulai, me littafin naki ya ce?" ta tambaye ni. "Kar ki ɓoye mini."

Na faɗa mata. Na ce zuciyarta ce ta gaji, ruwa ya yi mata yawa, akwai magani a asibiti, mutane suna warkewa. Ta dubi yaron. Ta ce ita ma ta san ba sanyi ba ne, don ji take kamar an danna kanta cikin randa. Amma Gwaggo ta bar gonarta da awakinta ta zo tana tashi tun asuba saboda ita, da wane baki za ta ce ba ta so? Haka Yaya take tun muna yara, gara ta cutu da ta ɓata wa wani. Na ji haushinta ranar, haushi sosai, har na ajiye mafici na fita.

Kwana biyu bayan Sallah, da safe, Gwaggo ta shiga da ita wanka. Ina bakin murhu, Inna tana wanke-wanke. Muka ji fyaɗin ganye sau uku ko huɗu, ba mu ji salatin da muka saba ji ba. Sai muryar Gwaggo tana kirana. Na tarar da Yaya a durƙushe ta dafa bango, tana tari, kumfa mai ɗan ja-ja tana fita a bakinta, leɓunanta sun yi toka. Wannan ma yana cikin littafin, a ƙasan shafi.

Ban san lokacin da Inna ta shigo ba. Ta ture ni, ta ture Gwaggo, ta tallafo Yaya a ƙirji.

"Hajara," ta ce. "Hajara, dube ni. Ni ce."

Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar. Gwaggo ma ta tsaya da ganye a hannu. Inna ta juyo ta ce in ruga in tare tasi, in biya shago in faɗa wa Babanmu ya same mu a asibiti. Ba ta nemi izinin kowa ba, ba ta ko dubi Gwaggo ba. Ta yafa mayafi a kan zanen wanke-wanke, da na dawo muka kinkimi Yaya zuwa bakin titi. Gwaggo ta biyo mu da yaron a kafaɗa har zaure, tana cewa a rufe mata kai, a rufe mata kai kar iska ta taɓa ta.

A asibiti aka jingine ta, aka sa mata iskar numfashi, aka yi mata allura. Na leƙa kwalbar, sunan da na kwana ina haddacewa ne. Kafin azahar ta cika kwano da fitsari, numfashinta ya fara sauka. Likitan ya tambayi tun yaushe ƙafar ta kumbura, na faɗa masa, ya dube ni ya ga littafin da na fito da shi a hannu ban sani ba, bai ce komai ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya ce wa Baba zuciyar ta buɗe ta yi girma, za su yi iya ƙoƙarinsu.

A yammacin nan aka yi ruwan farko. Ya zo da iska da ƙamshin ƙasa, ya daki kwanon ɗakin marasa lafiya har ba a jin magana. Yaya ta ce a buɗe mata taga. Inna ta tashi ta buɗe da kanta, feshin yana shigowa yana taɓa mata fuska, ta lumshe ido ta ce rabonta da jin sanyi tun kafin azumi. Ta sha ruwan randa, ta ci 'yar shinkafa, ta tsokane ni cewa in na faɗi jarrabawa bayan duk wannan iyayin, ita da Gwaggo za su haɗu su yi mini waƙa. Na koma gida da raina fari, na ce mun tsallake.

Kwana uku tana samun sauƙi. Ranar jarrabawar fiziyoloji na biya na gan ta da sassafe, tana zaune Inna na taje mata kai. Na shiga aji na rubuta abin da na rubuta. An tambayi yadda jiki ke daidaita gishiri da ruwa, hannuna ya yi ta tafiya shi kaɗai, ban ko tsaya tunani ba. Da na fito na hango Rifkatu, wadda ta riga ni gamawa, tsaye a bakin ƙofa tare da wani maƙwabcinmu tela. Ba ta iya ɓoye abu a fuska. An ce bugun zuciyar Yaya ne ya rikice farat ɗaya, kafin a kira likita ta cika, kanta a cinyar Inna.

Na ci jarrabawar, duka biyun, don ta biyun ma Baba ya tilasta mini na je na rubuta. Ban taɓa jin daɗin sakamakon ba. Na yi shekaru ina riƙe da Gwaggo a zuciya. Daga baya, da na yi nisa a aiki, na ga irin wannan ciwo yana kama matan da ba su taɓa ganin kanwa ba, ba su taɓa wankan ganye ba, wasu an kawo su da wuri sun tafi, wasu an kawo su a makare sun tashi. Har yau ba zan iya dafa littafi in rantse cewa da an ji maganata da Yaya tana raye ba. Ba zan kuma iya rantsewa cewa da ba ta raye ba. A tsakanin nan nake zaune, kuma ba wurin zama ba ne mai daɗi.

Amma ba wannan ne ya fi tsaya mini ba. Da aka kawo gawar Yaya gida, mata suka cika tsakar gida, ƙasa a jiƙe, aka ce a ɗora ruwan wanka. Ba wanda ya ce ni, ƙafata ce ta kai ni bakin murhu don ta saba. Na hura wuta a ƙarƙashin duron nan, na ɗebo, na surka, na kai ƙofar ɗaki. Gwaggo ce ta fito karɓa, don ita za ta yi mata wannan ma. Tun da aka kawo labari ba ta yi kuka ba, ba ta yi magana da kowa ba. Ta tsoma hannu a bokitin, ta daɗe, hannun da ya shekara hamsin yana shiga tafasasshen ruwa har ya daina ji. Ta ciro shi, ta ɗago ta dube ni.

"Zulai," ta ce a hankali, "taɓa ki ji mini. Bai yi mata zafi ba?"

Na taɓa. Na ce a'a Gwaggo, daidai ne. Ta ce duk da haka in ƙara na sanyi kaɗan. Na je randa na ɗebo na ƙara, ta ɗauki bokitin ta shiga ta saki labule.